Gyaran Tsofaffin Kaya Su Zama Adon Ɗaki da Kuɗi Kaɗan

Tsofaffin kayan da suka cancanci gyara suna nan birjik a hannun dillalai mata masu shiga gida-gida, da wajen 'yan gwangwan, da kasuwanni irin su Panteka a Kaduna, Kasuwar Rimi da Ƙofar Wambai a Kano, da Katako a Yamai. Wasu ma ba sai an je kasuwa ba, suna jibge a ɗakin shirgi: akwatin ƙarfen da aka gama makarantar kwana da shi, ƙafar keken ɗinkin da kansa ya lalace, turmin da ya tsage, kwanukan jeren kaka. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma haka take tabbata ga wanda ya sayi ruɓaɓɓen abu ya lulluɓe shi da fenti. Kyawun wannan aiki yana fitowa ne daga zaɓe a wajen saye da kuma shirin da ake yi kafin buroshi ya taɓa kayan. Shafa fentin shi ne mafi sauƙi a ciki.

A wajen saye

A tafi kasuwa da tef na awo, da ƙaramar sukurdireba, da ɗan maganaɗisu, bayan an auna gurbin da za a ajiye kayan da kuma faɗin ƙofar da za a shigar da shi.

Idan katako ne, a juya shi a fara duba ƙasansa da bayansa, inda ba a shafa komai ba. A danna bakin sukurdireba a ƙafafu da kusurwoyi. Katako mai lafiya ba ya barin ta shiga. Wanda gara ta ci daga ciki kuwa sai ya lotsa kamar biredi, ko da samansa yana sheƙi. A kuma lura da ƙananan ramuka kamar hujin allura. Idan aka ƙwanƙwasa wurin aka ga gari mai laushi, fari tas, yana zubowa, ƙwaron yana nan da ransa. Ramuka kaɗan a ƙafa ɗaya ana iya maganinsu. Idan sun game jikin kayan, a bar shi ko kyauta ne, domin zai shigo wa sauran katakon gida da ƙwari.

Abin da aka fi yin kuskure a kansa shi ne bambanta katako na gaske da garin katakon da aka matse aka lulluɓe da takarda mai zanen itace, irin wanda ake yin yawancin kayan ɗakin amare da shi yanzu. A duba gefen da ya ɓare ko ramin noti: idan cikinsa kamar dusa ne ko kwali, matsattse ne. Irinsa da ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa daidai, noti kuma ba ya sake kamawa a ramin da ya zarce. Tsohon teburi na maɗaci mai ƙafa ɗaya da ke girgiɗi ya fi sabon kabad na matsattsen katako da gindinsa ya kumbura, domin girgiɗi gam ne maganinsa.

Ƙarfe kuwa tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ake gudu ita ce ta gindi, wadda ta cinye har ƙarfen ya yi siriri. A ɗaga akwatin a kalli gindinsa ta fuskar rana. Duk inda haske ya ɓullo, huji ne. Maganaɗisun kuma na tagulla ne: idan ya manne wa faranti ko butar da aka ce ta tagulla ce, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kada a biya kuɗin ta gaske, kada kuma a dirje ta da ƙarfi in an je gida.

Katifa da kujerar kushin ta gwanjo ba abin saye ba ne sai ga wanda zai cire yadi da soso gaba ɗaya ya zubar, ya bar firam ɗin kawai. Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinki da tsagar katako, yana iya wata da watanni bai sha jini ba, kuma fitar da shi daga gida ya fi kuɗin kujerar. Kafin a biya, a lissafa kuɗin kayan da na dako da na gyara. In sun haura rabin kuɗin sabo, cinikin bai yi ba.

Kada kaya su wuce tsakar gida ranar da aka kawo su

Yadi da zannuwa a wanke su da ruwan zafi, wanda ya kai maki 60 a ma'aunin Celsius, a shanya a rana, a goge da dutsen guga. Ƙananan kayan katako da na saƙa, irin su faifai da kwando, a ɗaure su a baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu zuwa uku; a watannin Maris da Afrilu zafin cikin ledar yana kashe yawancin ƙwari. Ramukan ƙwaro a ɗura musu kananzir da sirinji, ko maganin katako irin Solignum, a waje, a bar kayan mako guda su sha iska. Kada a shafa baƙin mai irin yadda ake yi wa katakon rufi, fenti ba zai taɓa kamawa a kansa ba kuma zai riƙa ɓata tufafi. Fiya-fiya ma guba ce mai illa ga mutanen gida, ba ta da gurbi a kan kayan da za a zauna da su a ɗaki.

Guga da fenti

Da farko a wanke maiƙo da dattin hannu da ruwan omo a tsumma mai ɗan laima, ba a kwarara wa katako ruwa. A bari ya bushe kwana ɗaya a inuwa. Gaɓar da ke girgiɗi a zare ta, a kankare tsohon gam har katako ya fito, a shafa farin gam irin Top Bond a ɓangarorin biyu, a haɗa, a ɗaure tamau da igiya ko robar tayar mashin, a goge wanda ya tsatso, a bar shi awa 24. Sabon gam a kan tsohon gam ba ya riƙewa, shi ya sa kujerar da aka yi wa gyaran gaggawa take sake sakin jiki bayan mako biyu. Buga mata ƙusa kuma tsaga ƙafar yake yi. Ƙananan ramuka da tsaga a cike su da garin katako mai laushi da aka kwaɓa da farin gam kamar kwaɓin fulawa, a tula ya ɗan fi saman, domin yana shanyewa in ya bushe.

Samfefa lamba-lamba ce, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Lamba 80 ta cire tsohon fenti ce, 120 ta daidaita wuri, 180 ko 220 ta laushin ƙarshe. A naɗe ta a guntun katako, a riƙa bin tsawon zaren itacen. Wanda ya goga a gicciye zai ga karce ya fito fili da zarar an shafa banish. Idan tsohon fentin yana nan daram bai ɓare ba, ba sai an cire shi duka ba, a dusashe sheƙinsa da lamba 120 ya isa.

Akwai abin kula a nan. Wasu tsofaffin fenti masu mai suna ɗauke da dalma, wato irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga ma'adinin zinariya ta fito, amma illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ɗaya ce. Saboda haka tsohon fenti a goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa don kada ƙura ta tashi, a waje, a kan shimfiɗaɗɗen buhu, da takunkumi a fuska, nesa da yara da mai ciki da wurin girki. In an gama a naɗe buhun da dattinsa a zubar.

Bayan guga a tsaya a kalli katakon kafin a buɗe gwangwanin fenti. Maɗaci yana da ja mai kyau wanda fenti ɓata shi zai yi. Irinsa banish shafi biyu ya wadatar, da gugar lamba 220 a tsakani. Fenti na katakon da ba shi da kyan gani ne, ko wanda ya sha faci.

Ga kayan da ake taɓawa kullum, fenti mai mai ya fi na ruwa jurewa. Fentin ruwa irin na bango idan aka shafa shi a kan mai sheƙi, ɓarewa yake yi da farce. A motsa gwangwanin sosai har gindinsa, a sirka da tina, wato ruwan tsinka fenti mai mai, kamar kashi ɗaya cikin goma, a tsoma sulusin gashin buroshi kawai. Shafi biyu ko uku marasa kauri ake yi, da tazarar awa 16 zuwa 24. Shafi mai kauri samansa ne ke bushewa ya bar cikinsa ɗanye, sai ya yamutse ko ya zubo ya yi layi. Idan haka ta faru kada a bi shi da buroshi, a bari ya bushe kwana biyu a goge a sake. Rabin lita yana isar teburi madaidaici shafi biyu har ya ragu.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu ƙura ce ke mannewa a ɗanyen fenti, don haka a yi aikin a rumfa ko zauren da iska ba ta kaɗawa kai tsaye, a yayyafa wa ƙasa ruwa tukuna. Da damina bushewa ce ke jinkiri, sai a ƙara kwana ɗaya a kan tazarar. Tsakiyar rana kuwa ba a fenti a ƙarƙashinta ko yaushe, tana sa shi ƙuraje. Ko ya bushe a hannu, a ba shi mako guda kafin a ɗora masa kaya, in ba haka ba gindin kofi zai bar masa tambari.

Akwatin ƙarfe da ƙafar keke

A kankare tsatsa da buroshin waya, a bi da samfefa lamba 120 har ƙarfe ya fara haske. Ƙananan abubuwa kamar marfin makulli da hannu a jiƙa su a ruwan khal dare ɗaya, a dirje, a ɗauraye da ruwan da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki don ta kashe tsamin, a busar nan take. Ƙarfen da aka goge idan ya kwana tsirara sabuwar tsatsa yake yi, saboda haka a ranar a shafa masa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke shafa wa ƙofofi. Tsallake wannan shafin shi ne dalilin da ya sa jan tabo ke ɓullowa ta cikin sabon fenti damina ɗaya kacal. Washegari a yi fentin launi. Mai amfani da na feshi ya girgiza gwangwanin minti biyu, ya riƙe shi kamar inci 10 zuwa 12 daga kayan, hannunsa yana tafiya ba tsayawa, ya yi shafi uku sirara da tazarar kwata na awa.

Akwati yana zama teburin tsakar falo mai ma'aji, ko wurin zama. In na zama ne, marfinsa ba zai ɗauki nauyin mutum ba sai ya lotsa. A sa kafinta ya yanka filawud mai kaurin rabin inci daidai faɗin marfin, ta yadda zai hau kan gefunan da ke da ƙarfi. A manna masa soso mai kaurin inci 3 da gam irin Evo-Stik, a yanka yadi da rarar inci 6 a kowane gefe. A kife, a ja yadin a kafe shi da ƙananan ƙusoshin masu kushin, ana farawa daga tsakiyar kowane gefe, a yi wannan sannan a yi wanda ke fuskantarsa, kusurwoyi su zo ƙarshe. Wanda ya fara daga kusurwa zai ga zanen yadin ya karkace. A manna guntayen roba huɗu a gindin akwatin don kada ya karce tayil ko ya bar masa tsatsa in an yi mopin. A gidan da ke da ƙananan yara a cire maƙalin kwaɗon, a huda ramuka uku ko huɗu a bayan akwatin. Yaro yana iya shiga wasan ɓuya marfi ya rufe da shi.

Ƙafar keken ɗinki irin ta Singer ko Butterfly ƙarfen zubi ce, tana da nauyi amma gautsi gare ta, faɗuwa ɗaya tana iya karya ta kuma waldarta tana da wuya. A duba tsaga tun a kasuwa, musamman wajen mahaɗar noti. Baƙin fenti ya fi karɓarta. Don ta zama teburi, a ɗora mata falanki mai kaurin inci ɗaya, tsawo inci 36, faɗi inci 18. In ya fi haka yana iya rinjayarta idan aka jingina da gefe. A ɗaure ta ramukan da ke saman ƙafar da noti mai tsini na inci ɗaya, bayan an fara huda ɗan siririn rami don kada falankin ya tsage. Sai a ɗaure tayar da waya ta baya inda ba a gani, domin yara suna son taka fedar, tayar kuma tana datse yatsa.

Turmi

Turmin da ya tsage ya daina daka, amma icensa, musamman na ƙirya, ya fi duk wani katakon da za a saya a kasuwa yau. Gindinsa ake dubawa, shi ne ya shekara a kan ƙasa. A wanke cikinsa da soso da sabulu saboda barkono da daddawa, a busar a inuwa kwana uku, domin rana mai zafi tana ƙara buɗe tsagar. A goge da lamba 80, 120, sannan 180, a bar sawun sassaƙa yadda yake. Siririyar tsaga a cike ta, babba kuwa a share cikinta a bar ta, domin cikon da ya yi faɗi yana zubewa idan icen ya motse da hunturu. A shafa banish marar sheƙi. Kada a shafa man gyaɗa ko man ja, suna yin ɗoyi, su yi danƙo, su jawo tururuwa. A ɗora farantin tagulla ko na silba wanda ya fi bakin turmin faɗi da inci biyu zuwa uku, ya zama teburin shayi. In shuka ake so a ciki, a saka ta a tukunyar roba da 'yar tasa a ƙasanta sannan a zura. Ƙasa mai laima kai tsaye ruɓar da icen take yi.

Kwanuka da faya-fayi a bango

Langa da kwalla da farantan jere na da, waɗanda furanninsu ke nan ja da shuɗi, ba fenti ne a jikinsu ba, gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Shi ya sa soson ƙarfe ke kashe musu haske, sabon fenti kuma ba ya zama a kansu. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi ya ishe su. Inda ya ɓalle ya yi baƙi a goge tsatsar da lemun tsami, a busar, a ɗiga jan farce marar launi. Tagulla kuma a jiƙa tsamiya a shafa mata, a bari minti goma, a ɗauraye, a goge da busasshen tsumma.

Don ratayewa, a lanƙwasa waya mai ƙwari ta zama kamar kunnen jaka, a karce bayan farantin da samfefa, a manna ƙafafun wayar da gam mai ƙarfi irin Araldite, a bar shi kwana guda cur. Faifai zare da allura kawai yake so. Kafin a taɓa bango a jera su a ƙasa har tsarin ya kwanta a rai, mafi girma a tsakiya, tazarar inci biyu zuwa uku a tsakani. Sai a yanka takarda daidai girman kowanne a manna a bango da salatif, tsakiyar jeren ya zo daidai idon mai tsaye, kimanin inci 58 daga ƙasa. Idan kuma ɗakin na zaman ƙasa ne a kan kafet da tum-tum, a sauko da shi kaɗan.

Bangon bulo ba ya son ƙusar katako, lanƙwashewa take yi ta ɓaro filasta. Abu marar nauyi ƙusar kankare ta isa. Mai nauyi sai an huda da inji an sa robar fisha mai lamba 6, wato robar da ake cusawa a ramin don noti ya kama. Ba a hudawa a saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan waya take bi. Mai zaman haya ya kafa siririn katako ɗaya da noti biyu, ya rataye komai a jikinsa, ranar tashi rami biyu kawai zai cike.

Tsofaffin zannuwa

A ɗaga zanen a haske, a ja shi da hannu biyu. Tsakiyarsa, inda ake zama, shi ke fara mutuwa. Faɗin atamfa kusan inci 45 ne, wanda ya yi daidai da rigar filon kujera mai inci 18 ba tare da zif ba. A yanka tsiri mai inci 19 daga baki zuwa baki, a kalmashe bakunan biyu, a shimfiɗa shi fuska tana sama, a naɗo ɓangarorin biyu su hau juna har tsawon ya zama inci 18, a ɗinke sama da ƙasa da rabin inci, a juya. Zane mai yadi biyu yana ba da uku idan lafiyarsa ƙalau, biyu idan an kauce wa tsakiya. A haɗa mai zane da filo marar zane, launi biyu ko uku su riƙa maimaituwa a ɗakin, in ba haka ba idon mai shigowa ba zai sami wurin sauka ba.

Ƙwarya ta zama fitila

A zaɓi ƙwarya ko ɗuma mai kauri, wadda in an ƙwanƙwasa take amsawa garau. A kankare cikinta, a zana ado da fensir, a kife ta a kan tulin yashi ko tsumma don ta sami madogara daga ciki. A huda da inji mai bakin milimita 3 ko 4, ba da ƙusa da guduma ba, a bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin rami da rami. In sun matsu tsaga ce za ta bi layinsu, sai dai a nemi mai gyartai. Ramin tsakiya na mariƙin ƙwan fitila shi za a fara yi, tun ƙwaryar tana da ƙarfinta. A shafa banish a bayanta kawai, cikin a bar shi fari ko a yi masa farin fenti don ya dawo da haske. Ƙwan LED mai wat 5 za a sa, kada ya taɓa jikin ƙwaryar. Tsohon ƙwai mai zafi yana ƙona ta. Haɗa waya aikin mai gyaran wuta ne, kuma a gaya masa ya rataye ta da sarƙa ko igiya daban, kada nauyinta ya zauna a kan wayar wutar.